Gashin kansar ido: me hasken yake yi wa ƙarin, kuma me ya sa ba ya motsewa nan take?

Ɗalibar Nas, Idi-Araba: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Akwai tambayar da 'yan uwan marasa lafiya ba sa gajiya da yi: an yi wa mutum gashi, wato maganin kansa da hasken inji, sati biyu ko uku saboda ƙari a ido, amma ƙarin yana nan kamar ba a taɓa shi ba. Su a ganinsu tunda sunansa gashi, ai ya kamata a ga ya ƙone. A taimaka a warware mana yadda abin yake aiki.

Likitan Gashi: Wa alaikumus salam ƙanwata. Sunan ne ya fara rikita mutane. Babu wuta a ciki, babu zafin da zai dafa nama. Ko digon zafi majiyyaci ba ya ji a lokacin da injin yake aiki. Abin da hasken yake nema shi ne DNA, wato zaren gadon da ke cikin kowace ƙwayar halitta, wanda yake tufke biyu kamar igiya. Hasken yana tsinka shi ta hanya biyu. Wani ya bugi zaren kai tsaye. Amma mafi yawan ɓarnar, wajen kashi biyu cikin uku idan hasken injin linak ne ko na kobal (injinan gashi masu harbo haske daga wajen jiki), ta ruwa take biyowa: hasken ya fasa ruwan da ke cikin ƙwayar, ya fitar da wasu ɓarɓashi masu cin duk abin da suka taɓa, su kuma su ci zaren.

Ma'aunin hasken da jiki ya sha sunansa gire. Gire 1 yana tsinka silin zare ɗaya a wurare kusan 1,000 a cikin ƙwaya guda, amma wannan ƙwayar tana ɗinke shi cikin sauƙi, domin ɗaya silin yana nan a matsayin abin kwafa. Wanda yake kisa shi ne inda sili biyun suka tsinke a wuri guda, kuma wannan bai wuce 20 zuwa 40 ba a kowane gire.

To ga amsar tambayarki. Ƙwayar da aka tsinka wa zare ba ta faɗuwa matacciya a ranar. Tana nan tana ci tana sha, har sai ranar da ta zo rabuwa gida biyu. A nan ne gadon ya kasa rabuwa daidai, ta mutu, ko ta rabu sau ɗaya ko biyu zuriyar ta ƙare. Saboda haka saurin motsewar ƙari yana bin saurin rabuwar ƙwayoyinsa ne. Bayan sun mutu ma sai jiki ya kwashe gawarsu, wannan kuma wani lokacin ne daban.

Mai Lissafin Haske: Likita bari in sa lamba a kai. Ƙarin da ya kai girman santimita ɗaya ta kowane gefe yana ɗauke da ƙwayoyi kusan biliyan 1. A ɗauka, don misali kawai, kowane zama na gire 2 yana kashe rabin waɗanda suka rage. Bayan zama 10 saura wajen miliyan 1. Bayan zama 20 saura wajen 1,000. Sai an kai zama 30 kafin a zo kan ƙwaya ɗaya. Ku lura da tarkon da ke ciki: a zama na 10 an kashe fiye da kashi 99 cikin 100, hoto ma zai iya nuna wurin fes, amma miliyan guda na nan da rai. Wanda ya tsaya a nan don ya ga sauƙi, kamar manomin da ya yi noman farko ne ya rataye fartanya.

Sista Agege: Wannan lissafin ya kamata a manna shi a bangon ɗakin jira. Malam, me ya hana a haɗa a ba da duka a rana ɗaya? Mai zuwa daga Agege ko Alaba Rago kullum har sati biyar, kuɗin mota da gosulo kaɗai sun ishe shi jinya.

Likitan Gashi: Sista, rarrabawar ita ce dabarar gaba ɗaya. Tsakanin zaman yau da na gobe lafiyayyun ƙwayoyi suna gyara zarensu cikin 'yan awoyi, kuma sun fi na ƙari iya gyaran. Sannan ƙwayar ƙari ba kullum take da rauni ɗaya ba: tana dab da rabuwa ta fi saurin mutuwa, a ƙarshen lokacin da take kwafar zarenta kuma ta fi taurin kai. Wadda ta tsira yau don tana matakin taurin kai, gobe ko jibi za a same ta a matakin rauni.

Abin da ya fi waɗannan girma shi ne iskar oksijin. Ita ce take tabbatar da ɓarnar, ta hana a gyara. Ƙwayar da ba ta da oksijin tana buƙatar haske ninki biyu da rabi zuwa uku kafin ta mutu. Oksijin kuwa ba ya nisa daga jijiyar jini, iyakarsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. Thomlinson da Gray ne suka nuna wannan a 1955. Don haka tsakiyar babban ƙari a shaƙe take. Idan aka kashe na baki-baki yau, na ciki su samu iska, gobe su ma su shiga hannu. Ana ɓare shi ne kamar albasa. Wannan ne ma dalilin da muke duba jinin majiyyaci kowane sati, kuma cibiyoyi da yawa ba sa son himogulobin, wato sinadarin jini mai ɗaukar oksijin, ya sauka ƙasa da 10.

Abu ɗaya ne yake gāba da mu a rarrabawar: ƙwayoyin da suka tsira suna ci gaba da haihuwa. Duk ranar da aka yi fashi, ƙarin ya samu ranar cike gurbi. Idan fashi ya faru ba a ninka ƙarfin zaman gobe. Ko dai a ƙara zama ranar Asabar, ko a yi biyu a rana ɗaya da tazarar awa 6 aƙalla.

Likitan Ido: Duk na yarda, amma kada a fita da tunanin cewa kansar ido abu ɗaya ce. Ido bai wuce milimita 24 ba daga gaba zuwa baya, amma ƙarin da ke fitowa cikinsa da kewayensa halinsu ya sha bamban da juna.

Limfoma, wato kansar ƙwayoyin garkuwar jiki, ta ramin ido ko ta fatar farin ido ita ce mai sauƙin kai. Ƙwayoyinta ba sa jiran rabuwa, da sun sha haske suke kashe kansu cikin awoyi. Irin mai tafiyar hawainiya gire 24 a zama 12 ya ishe ta, akwai ma inda ake gwada gire 4 kacal a zama biyu. Ita ce za ki ga kumburi ya sauka ana tsakiyar gashin.

Melanoma ta cikin ido, wato kansar ƙwayoyin launi, ita ce ƙarshen taurin kai. Ƙwayoyinta sun iya gyara, kuma ba sa saurin rabuwa. Gire 2 a kullum wasa ne a wurinta. Bayan an yi mata aikin da ya dace ma, shekara ɗaya zuwa biyu take ɗauka tana raguwa, kuma sau da yawa ba ta ɓacewa, sai dai ta zama tabo mai tudu. Nasara a nan ita ce ta daina girma. Sa'armu ɗaya, ba ta da yawa a baƙar fata.

Wanda ya fi damunmu a nan shi ne retinobilastoma, kansar tantanin gani ta yara 'yan ƙasa da shekara 5, da kuma kansar saman farin ido ta manya.

Hajiya Famasi, Obalende: Likita, a kan na yaran nake da ja. Littattafan da aka karantar da mu sun ce retinobilastoma tana jin haske ƙwarai. In haka ne me ya sa yanzu kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa, ake fara bayarwa, binkiristin da etoposayid da kaboplatin zagaye shida, ga tsada ga wahala? Ba gara a gasa a huta ba?

Likitan Ido: Hajiya, littattafan ba su yi ƙarya ba. Tana jin haske, gire 40 zuwa 45 yana kwantar da ita, kuma shekaru da dama shi ne maganin da ake ceton ido da shi. Abin da ya biyo baya ne ya sa aka ja da baya. Cutar tana tasowa ne daga lalacewar wani ƙwayar gado mai suna RB1 da ke kan kuromosom (ƙunshin zaren gado) na 13, wanda aikinsa taka wa rabuwar ƙwaya birki. Kowa yana da kwafi biyu, sai duka biyun sun lalace ƙari yake fitowa. Knudson ne ya fito da wannan bayani a 1971. Wajen kashi 40 cikin 100 na yaran nan an haife su ne da kwafi ɗaya a lalace a kowace ƙwayar jikinsu, kuma duk yaron da cutar ta kama masa ido biyu yana cikinsu. To ki duba: aikin haske tsinka zaren gado ne. Yaron da birkinsa ɗaya ya rage a ƙashin fuska da naman kewayen ido, kin haska wurin, kin ƙara yiwuwar na biyun ya tafi. Bayan shekara goma ko ashirin sai kansar ƙashi ta fito a daidai inda aka gasa. Haɗarin ya fi tsanani idan an yi gashin kafin yaro ya cika shekara ɗaya. Ƙari a kan haka ƙashin ramin idon yana daina girma, fuska ta shanye ta gefe ɗaya.

Wannan dalilin ne ma ya sa ake guje wa hoton CT barkatai ga irin yaran nan, tunda shi ma da irin wannan hasken yake aiki, a fi son na MRI da na sauti.

Likitan Gashi: A nan zan ɗan saɓa wa abokina, ba a kan ilimin ba, a kan inda muke. Wancan tsoron na ƙasashen da ake kawo yaro ƙari yana kamar ƙwayar gero ne. A nan sau da yawa sai ido ya bullo waje ake zuwa, bayan an sha yawon tofi da ɗige-ɗige. Idan ƙari ya fasa ƙwallon ido ya shiga rami, ko an cire ido aka tarar da ƙwayoyin cuta a daidai bakin inda aka yanke jijiyar gani, gashi ba zaɓi ba ne, dole ne. Tsarin shi ne kemo tukuna don ya motse, a cire idon, a gasa ramin da gire 40 zuwa 50, a ƙarasa kemo. Kansar da za ta iya zuwa bayan shekara ashirin ba za ta hana mu yaƙar wadda za ta bi jijiya ta shiga ƙwaƙwalwa a bana ba.

Likitan Ido: Babu saɓani a nan, ranka ya daɗe. Maganata a kan ƙarin da ke cikin ido ne. Kuma tunda ka ambaci jijiya: mai cire idon ya yi ƙoƙari ya yanko jijiyar gani mai tsawo, milimita 10 zuwa 15, a kuma aika ta ɗakin gwaji. Idan aka yanke ta gajere ko aka jefar ba a duba ba, likitan gashi ba shi da abin da zai yanke hukunci da shi. Sannan kada kowa ya soka allura a idon da ake zargin wannan cuta don ɗebo samfur. Hanya ce kake buɗe mata zuwa waje.

Ɗalibar Nas, Idi-Araba: Yaya ake gane ƙarin yaro ya mutu tunda ba ya ɓacewa?

Likitan Ido: Da kamanninsa, ana dubawa yaro yana cikin barcin allura. Wani ya koma farin alli mai gutsi-gutsi, kamar awarar da ta farfashe. Wani ya zama ruwan toka mai sheƙi kamar tsokar ɗanyen kifi, wannan shi ne mai rikitarwa don yana kama da mai rai. Wani ya haɗa biyun. Wani ya bar shafaffen tabo. Hukunci na awo ne: a zana, a ɗauki hoto, a auna, a kwatanta da na watan jiya.

Mai Lissafin Haske: Ku ba ni dama in yi bayanin faifan haske, don shi ne amsar da aka samo wa taurin kan melanoma, kuma ana amfani da shi ga wasu ƙananan ƙarin yara. Maimakon a harbo haske daga waje ya ratsa komai, sai a ɗinka ɗan faifai mai kamar murfin kwalba a bayan ƙwallon ido, daidai ƙarƙashin ƙarin. Iri biyu suka fi yawa. Na ayodin-125 ƙoƙon zinare ne da aka jera 'yan ƙwayoyi masu fitar da haske a ciki, zinaren yana tare hasken kada ya koma baya. Ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk kwana 59 zuwa 60, don haka lissafin da aka yi na ranar Litinin ba zai yi daidai ba idan aka ɗaga aikin da sati biyu. Na rutiniyam-106 kuma yana kai kusan shekara kafin ya rabe, amma haskensa ba ya nisa, sai ƙarin da tudunsa bai wuce milimita 5 zuwa 6 ba.

Ana auna tudun ƙarin da faɗin gindinsa da hoton sauti. A zaɓi faifan da ya fi gindin da milimita 2 ta kowane gefe. Ga melanoma ana son ƙololuwar ƙarin ta sha gire 85, ga retinobilastoma wajen 40 zuwa 45. Faifan yana zama kwana 3 zuwa 7 sannan a koma a cire. Gindin ƙarin da farin ɓawon ido suna shan ɗaruruwan gire, amma ɓawon yana da juriya ta ban mamaki.

Inda ake samun matsala: a yi kuskuren milimita ɗaya a awon tudu, ƙololuwa ta sha ƙasa da rabonta. Ko ɗinki ya saki faifan ya karkace, musamman kusa da jijiyar gani inda ba ya kwanciya sosai, shi ya sa ake da mai tsaga a gefe don ya rungumi jijiyar. Ƙarin da ya dawo, yawanci daga gefen da faifai bai rufe ba yake tasowa.

Likitan Ido: In ƙara da sakamako. Babban binciken COMS na Amurka da Kanada, wanda ya fito a 2001, ya kwatanta faifan ayodin da cire ido ga matsakaiciyar melanoma, ya tarar tsawon rai ɗaya ne. Faifan yana tsayar da ƙarin a kusan 9 cikin 10. Amma bayan shekara 3 sama da kashi 40 cikin 100 ganinsu a wannan idon ya yi rauni ƙwarai. Ceton ido daban, ceton gani daban, kuma a faɗa wa majiyyaci haka tun kafin ya sa hannu. Sannan a ci gaba da duba hanta, don can wannan cutar take gudu.

Mai Lissafin Haske: Akwai kuma hasken furoton, wanda aka fara yi wa ido a yankin Boston na Amurka a 1975. Shi yana sauke ƙarfinsa ne a zurfin da aka tsara ya tsaya cak, baya gare shi babu komai. Gire 60 zuwa 70 a zama huɗu ko biyar. Injinsa gini guda ne, ba na kowace ƙasa ba.

Sista Agege: Mu dawo Legas. Wanda aka tura cibiyar kansa ta asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) da aka buɗe a Idi-Araba a 2019, ko wata cibiyar mai linak, me zai tarar?

Likitan Gashi: Zaman farko ba gashi ba ne, awo ne. Ana jiƙa wata roba mai huji-huji a ruwa mai ɗumi sosai har ta yi laushi, a shimfiɗa a fuska, ta sandare da siffar mutum. Da ita za a riƙa ɗaure kai a gado kullum. A ɗauki hoton CT yanka-yanka na milimita 1 zuwa 2, likita ya zana ƙarin ya zana sassan da ake karewa, mai lissafi ya tsara ta inda haske zai shiga. Wannan yakan ci kwanaki, ba sakaci ba ne. Zaman kansa minti 10 zuwa 20 ne, hasken kuwa 'yan mintoci. Idan majiyyaci ya rame ko kumburi ya sauka har robar ta yi masa yawa, a faɗa, a sake awo. Ƙaramin yaro sai an sa shi barci kullum: babu abinci awa 6 kafin nan, ruwa zalla har zuwa awa 2.

Iyakokin da muke lissafi da su: madubin cikin ido shi ne mafi rauni, gire kaɗan ya isa ya kawo yana bayan shekaru, amma yana ana cire ta. Maɓuɓɓugar hawaye ta fara ƙafewa daga gire 30 zuwa 40, kuma bushewar ido mai tsanani tana iya cinye baƙin ido. Tantanin gani wajen 45. Jijiyar gani wajen 54. Waɗannan biyun idan suka lalace ba sa dawowa, kuma ba a ganin illar sai bayan wata 6 zuwa shekara 3, lokacin da ƙananan jijiyoyin jini suka toshe suka fara yoyo. Mai ciwon suga ya fi kowa haɗari. Ana rage kumburin da allurar bebasizumab a cikin ido, idan kuma sababbin jijiyoyi suka toshe magudanar ruwan ido sai hawan jinin ido mai zafi ya biyo.

Hajiya Famasi, Obalende: Ba a ce komai ba a kan na saman farin ido, alhali shi ne mutane suke zuwa kanti neman ɗigonsa.

Likitan Ido: Gaskiyarki Hajiya. Tsiro ne fari ko ruwan hoda a inda fari ya haɗu da baƙi, da jijiyoyin jini masu kauri suna shiga cikinsa, ana ɗaukarsa naman ido na yau da kullum. Zafin rana da ƙanjamau ne manyan masu jawo shi, don haka duk mai shi a yi masa gwajin jini. Asalin magani yanka ne da ratar milimita 3 zuwa 4, a daskarar da bakin wurin da sanyi, a bi da ɗigon maganin kansa, 5-FU mai ƙarfin kashi 1 cikin 100 ko maitomaisin. Haske yana shigowa ne a matsayin mai share saura: wani ɗan ƙarfe mai sitirontiyam-90 da ake ɗorawa a wurin bayan yanka. Haskensa yana ƙarewa cikin milimita 2 zuwa 3, don haka yana kashe ragowar ƙwayoyin sama, ba ya iya komai da ƙari mai kauri. Don Allah kada a sayar wa mai irin wannan tsiron ɗigo mai siteroyid, wato maganin kwantar da ja da kumburi. Jan zai ragu, ya ɗauka ya warke, ƙarin yana ci.

Mai Lissafin Haske: Na fatar murfin ido kuma, wanda zabiya suka fi fama da shi, hasken ilektiron ake yi masa don ba ya zurfi. Ana ɗiga maganin kashe zafi, a zura garkuwar tangistin mai kaurin milimita 2 zuwa 3 a ƙarƙashin murfin. Dole a lulluɓe gefenta mai fuskantar murfin da kakin zuma ko makamancinsa, in ba haka ba hasken da ya bugi ƙarfen ya dawo ya ƙona cikin murfin.

Sista Agege: Na kula da gida, ga abin da za a faɗa musu. Wanda aka yi wa gashin inji ba ya ɗauke da haske, ya rungumi 'ya'yansa, ya ci a kwano ɗaya da kowa. Mai faifai ne kaɗai ake nisanta masu ciki da yara daga gare shi, shi ma har zuwa ranar da aka cire faifan ne kawai. Ja da ƙaiƙayi da zubar gashin ido suna farawa a sati na biyu zuwa na uku, kuma sukan ƙaru har sati ɗaya ko biyu bayan an gama, kada su firgita. Babu kwalli, babu man zafi, babu ɗiga nono ko ruwan ganye. Alwala da ruwa mai tsabta babu laifi, a dai shafa a hankali a tsane da kyalle mai laushi, ban da gurzawa. Hawayen kanti marar sinadarin adanawa sau huɗu zuwa shida a rana, da tabarau mai duhu idan za a shiga rana. Ciwo mai tsanani, ko gani ya ragu farat ɗaya, ko fari ya fito a baƙin ido, a dawo a ranar.

Ɗalibar Nas, Idi-Araba: Allah ya ƙara ilimi. Saura ɗaya: ƙannen yaron da aka samu da cutar fa?

Likitan Ido: A kawo su duka a duba, har jaririn da za a haifa nan gaba, tun a satuttukan farko. A duba idon iyayen ma, don wani yana ɗauke da tsohon tabon ƙarin da ya tsaya da kansa bai sani ba. Mai ɗauke da lalataccen RB1, kowane ɗa da zai haifa yana da rabin yiwuwar gado. Kuma duk uwar da ta ga tsakiyar idon ɗanta yana walƙiya fari kamar na kyanwa da dare, ko a hoton waya mai filasha, ko ido ya fara harara, ta kai shi asibitin ido a wannan satin, a ɗiga maganin buɗe ido a leƙa har ciki.